Yadda Ake Yi Wa Wanda Ya Tsira Daga Tashin Hankali Gashi Idan Ciwo Ya Daɗe A Jikinsa

Ciwon da ya wuce wata 3 bai tafi ba, ko yake tafiya yana dawowa, shi ake kira ciwo mai daɗewa, kuma haka yake a kundin cututtuka na 11 na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022. Ga wanda ya tsira daga yaƙi, azabtarwa, fyaɗe ko mummunan haɗari, sau da yawa raunin ya warke amma raɗaɗin yana nan, domin laka da ƙwaƙwalwa sun saba da zaman ɗar-ɗar har suna ɗaukar ƙaramar taɓawa a matsayin barazana. Jikin da aka taɓa yi wa dole ba ya sakewa idan aka sake tilasta masa, don haka wajibi ne likitan fisiyo, wato mai yin gashi da motsa gaɓoɓi, ya bar ragamar aikin a hannun majinyaci.

A zaman farko a fi ba tambaya ƙarfi. A binciki alamomin da ke buƙatar gaggawar ganin likita, kamar zazzaɓi, rama ba dalili, kasa riƙe fitsari ko mutuwar ƙafa da ke ƙaruwa. Kada a matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi; sanin inda ke ciwo da abin da ke tayar da shi ya wadatar.

Wajen taɓa jiki ne aka fi yin kuskure. Kafin a ɗora hannu, a faɗi inda za a taɓa da dalili, a jira amincewa, sannan a sake neman izini duk lokacin da za a koma wata gaɓa, domin izinin kafaɗa bai shafi ƙugu ba. A yarda da wata alama, ko da ɗaga hannu ne, wadda da zarar majinyacin ya yi ta za a dakata ba tare da tambaya ba. Kada a tsaya a bayansa, kada a sa shi rub da ciki ko cire tufafi idan akwai wata hanya, kuma a bar shi ya zaɓi wanda zai yi masa gashin, namiji ko mace. Na'urar da ke sakin ɗan lantarki a fata don rage ciwo tana iya mayar da wanda aka azabtar da lantarki cikin firgicinsa, kamar yadda janye hannu sama kan yi wa wanda aka taɓa ratayewa. A ganina, gara a rasa zama biyu ana gina yarda da a rasa majinyacin gaba ɗaya.

Daga nan a bayyana masa cewa ciwonsa gaskiya ne, amma ƙaruwarsa yayin motsi ba lallai ta nuna sabon rauni ba. A auna abin da yake iya yi ba tare da ciwon ya taso ba, a fara ƙasa da hakan. Idan tafiyar minti 10 ce iyakarsa, ya fara da minti 7 kullum, ranar sauƙi da ranar tsanani, ana ƙarawa kaɗan duk mako. Yawanci mutum yakan zage damtse ranar da ya ji dama, sai ya kwanta kwana uku, kuma wannan ne ake son karyawa. A haɗa da miƙe gaɓoɓi a hankali da numfashin da fitarsa ta fi shigarsa tsawo.

Idan ana cikin aiki idonsa ya kafe, ko jikinsa ya sandare, ko ya daina amsawa, a janye hannu nan take, a kira sunansa a natse, a ce ya taka ƙasa da ƙafafunsa ya ambaci abubuwan da yake gani a ɗakin. Wanda munanan mafarkai da rashin barci suka addaba yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa tare da gashin, kuma a nemi yardarsa kafin a tura shi.