Yadda ake kula da bayanan masu neman aiki, daga ranar rajista har ranar ƙona takardu

Duk wanda ya taɓa zama a teburin rajista na wani shirin sama wa matasa aiki a nan Damagaram ya san abin da ke taruwa a gabansa kafin azahar: fotokofin katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, hotuna, lambar salula, sunan unguwa, takardun shaidar karatu, wani lokaci har da bayanin larurar jiki ko na mutuwar aure. Mai neman aiki yana miƙo waɗannan ne da fatan a sama masa sitaj, ko a haɗa shi da mai gareji ko tela, ko a ba shi kayan sana'a, kuma halin da yake ciki ba ya barinsa ya tsaya tambayar inda takardunsa za su kwana. Na daɗe a wannan aiki, na kuma horar da sababbin ma'aikata da dama. Kusan dukansu suna zuwa da tsoron gwanayen kutse cikin kwamfuta, alhali duk ɓarnar da na gani da idona ta hannun ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ta fita, a ranar da ake sauri.

Kafin a buga takardar rajista ko guda, shugaban shirin ya san cewa akwai doka a kan wannan. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayu 2017, daga baya doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta, kuma hukumar da dokar ta ɗora wa sa ido a kai ita ce HAPDP, wato hukumar kare bayanan mutane, a Yamai. Dokar ta ɗora wa mai tattara bayanai nauyin sanar da hukumar abin da zai yi, ta kuma tsaurara a kan bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa. Cike takardun hukumar aikin shugabanni ne, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Abin da ke gabana shi ne aikin hannu na yau da kullum.

Mataki na farko shi ne a zauna da fish ɗin rajista, wato takardar tambayoyin da ake cikewa, a bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a kan kowace a ce: wane hukunci za mu yanke da amsar nan? Shekaru suna da amfani idan shirin na da iyakar shekaru. Unguwa tana da amfani domin kada a tura yaron Garin Malam koyon aiki inda kuɗin kabu-kabu zai cinye masa ɗan abin da ake ba shi. Amma ƙabila, addini, sunan miji da yawan kishiyoyi, na sha ganinsu a fish don kawai an kwafo shi daga wani tsohon shiri. A goge su. Ni a wurina, ba a karɓar fotokofin katin ɗan ƙasa ranar rajista. A duba katin da ido, a rubuta cewa an gani, a mayar wa mai shi. Sai wanda aka zaɓa ne za a nemi fotokofinsa. Wannan yana rage tarin takardun da za a yi gadi, yana kuma hutar da ɗaruruwan matasan da ba za a ɗauka ba daga biyan kuɗin fotokofi, kuɗin da ga wasunsu na karin kumallo ne.

Na biyu, a faɗa wa mutum gaskiyar abin da za a yi da bayanansa kafin ya sa hannu, da harshen da yake ji. Takardar yarda da aka rubuta da Faransanci aka tura wa wanda bai yi lakwal ba ya dangwala yatsa ba yarda ba ce. A karanta masa da Hausa, ko a nemo mai jin Barbarci, Fulatanci ko Buzanci idan daga wajen Gure ko Tanut ya zo. Ga yadda nake faɗa: "Malama, sunanki da lambarki za su zauna a ofishin nan. Idan an sami wurin aiki, za mu kira ki mu tambaye ki kafin mu ba mai wurin lambarki. Masu ba da kuɗin shirin za su ga jimillar mutane, ba za su ga sunanki ba. Duk ranar da kika so a gyara wani abu ko a cire ki, ki zo ki same mu." Maganar hoto a ware ta daban, domin yarda da rajista ba ta nufin yarda a saka fuskar mutum a Facebook ko a rahoto, kuma wanda ya ƙi hoto kada hakan ya rage masa komai. Yaron da bai kai shekara 18 ba ya zo da mahaifi ko waliyyi.

Na uku, kuma a kansa sauran aikin yake tsayuwa: a ba kowane mai rajista lamba tun a teburi, a rubuta masa ita a ƙaramar takarda ya tafi da ita, sannan a raba bayanan gida biyu. Gida na farko ya ƙunshi lambar rajista, suna, salula da adireshi, mutum biyu kawai ke da ikon buɗe shi. Gida na biyu ya ƙunshi lambar rajista, shekaru, jinsi, matakin karatu, sana'ar da aka zaɓa da yadda horo ke tafiya, da shi kowa ke aiki. Sababbin ma'aikata sukan ce wannan ninka aiki ne, kuma gaskiya ne a makon farko, amma ko gida na biyu ya fita, babu sunan kowa a ciki. Kada lambar ta zama lambar salula ko ranar haihuwa. Lissafi ne kawai daga 0001 zuwa sama.

Wajen ajiya ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Adakar ƙarfe da kwaɗo mai kyau daga Kasuwar Dole sun ishi takardu, muddin makullin ba ya rataye a ƙusa bayan ƙofa. A kwamfuta, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. A Excel akwai kulle iri biyu da ake rikitawa: wanda ke hana a taɓa rubutun shafi, da wanda ke hana a buɗe fayil ɗin gaba ɗaya sai da kalmar sirri. Na biyun ake bukata, na farkon ba ya ɓoye komai. Saboda yawan ɗaukewar wuta dole a riƙa kwafe aiki a kile (USB), to shi ma kilen a kulle abin da ke cikinsa, da manhaja kyauta irin 7-Zip idan babu wata, kuma ya kwana a adaka, ba a aljihun direba ba. Masu yin rajista da KoboCollect, manhajar cike fish a salula, su yi amfani da salular aiki, su saita ta ta goge fish bayan an aika, su kuma tuna cewa na'urorin da ke karɓar bayanan a ƙasashen waje suke, abin da doka ta gindaya wa sharuɗɗa kuma ya kamata mai rajista ya sani.

Yanzu ga matakin da ya ba mu kunya, wato fitar da lis. Wata shekara, a wani shiri da na yi wa aiki, bayan an gama tantancewa aka ce a hanzarta a sanar da waɗanda suka yi nasara, kuma a aika wa masu wuraren koyon sana'a sunayen yaran da za su karɓa. Wani matashin abokin aikinmu, mai himma ƙwarai, ya buɗe babban fayil mai ɗauke da bayanan duk masu rajista, ya ɓoye layukan salula da adireshi da larura, ya tura shi cikin zauren WhatsApp da muka buɗe wa masu gareji da teloli da masu walda. A ganinsa abin da ya ɓoye ya tafi. Ɓoyayyen layi a Excel yana nan daram, danna biyu ke fito da shi. Kafin mako ya zagayo, an fara kiran waɗanda ba su yi nasara ba ana ce musu daga ofishinmu ne, akwai sauran gurbi, su tura jika biyar ta salula a saka sunansu. Mai kiran ya san sunan kowa, unguwarsa da sana'ar da ya nema, to yaya za a yi a ƙi yarda da shi? Wasu ƴan mata kuma suka fara samun kiran dare daga mutanen da ba su sani ba, har aka hana ɗaya daga cikinsu zuwa horon daga gida. Mun goge saƙon daga zauren, amma wanda ya riga ya sauke fayil ya tura gaba, gogewar ba ta isa gare shi. Ba mu taɓa gano ta hannun wa ya bi ba. Laifin ma ba na yaron kaɗai ba ne, domin ni ne na bar babban fayil a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, kuma ba na sassautawa. Babban fayil ba ya fita daga ofis ta kowace hanya. Idan za a aika wani abu, a buɗe sabon fayil fari fat, a kwafo layukan da ake bukata kaɗai, a mayar da shi PDF, sannan wani ma'aikaci dabam ya buɗe ya duba kafin a tura. Kowane mai wurin aiki yana karɓar sunayen yaransa ne kawai, shi kaɗai, ba a cikin zaure ba, kuma sai bayan an kira yaran sun amince. Bayanin larura ba ya bin lis; idan yaro na bukatar a sauƙaƙa masa wani abu a wurin aiki, a tambaye shi abin da ya yarda a faɗa, a faɗa da baki. Lis ɗin da za a manna a bango ko a karanta a gidan rediyo ya ɗauki lambobin rajista, domin kowa na riƙe da tasa. Wasu za su yi ƙorafi cewa lamba ba ta nuna an yi adalci, kuma ƙorafin na da tushe a garin da ake yawan zargin sanayya. Idan hukumar shirin ta nace sai an ga suna, a sa suna da sana'a, a tsaya nan, a kuma sanar da mutane tun ranar rajista cewa haka za a yi.

Zauren WhatsApp na masu cin gajiyar shiri ma ban yarda da shi ba, domin duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda ya fi, tunda ba sa ganin juna, sai dai yana ɗaukar mutum 256 ne kawai, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar ofis a salularsa ba, don haka a sa kowa ya ajiye ta a gaban mai rajista. A kuma rubuta a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, a maimaita a rediyo, cewa shirin ba ya karɓar ko dala, kuma daga lamba ɗaya tak yake kira.

Akwai kuma masu zuwa da girma su nemi lis: ɗan siyasa, wani babba a unguwa, ko wata ƙungiya da ke son ta "taimaka". Ma'aikaci ƙarami ba zai iya ce wa babba a'a kai tsaye ba, don haka nake koya musu amsa guda: "Ranka ya daɗe, ba ni da ikon fitar da shi, amma idan aka rubuto takarda zuwa ga shugaba zan kai da kaina." Yawancinsu ba sa rubutowa. Masu ba da kuɗi kuwa jimilla ake ba su, sai dai a lura da ƙananan adadi, domin idan rahoto ya ce mace ɗaya mai larurar ƙafa daga Kara-Kara tana koyon walda, an faɗi sunanta ko da ba a rubuta shi ba.

Sauran matakan ba su da wuya. A ajiye littafi guda da ake rubuta duk abin da ya fita: ranar, wanda aka ba, abin da aka ba shi da dalili. Wanda ya zo neman ganin dosiyensa a nuna masa bayan an tabbatar shi ne, a gyara kuskure nan take, musamman rubutun suna da ranar haihuwa, domin su ne ke hana mutum karɓar kuɗinsa idan ba su dace da katinsa ba. Ba a ba miji ko wa ko kawu dosiyen wani don ya ce an aiko shi. Ma'aikacin da ya bar aiki a karɓi makulli da salular aiki ranar, a sauya kalmomin sirri. Idan bayanai sun fita duk da haka, a sanar da shugaba a ranar, a kira mutanen da abin ya shafa a gargaɗe su kafin ƴan damfara su riga, shugaba kuma ya sanar da hukuma.

Tun farko a rubuta tsawon lokacin da za a riƙe kowace takarda. Takardun kuɗi suna jiran masu bincike gwargwadon yarjejeniyar shirin, amma dosiyen waɗanda ba a ɗauka ba ba shi da dalilin kai wannan lokaci. Da an rufe karɓar ƙorafi a kira su su karɓi abinsu, ragowar a ƙona. Kada a ba mai gadi ko mai shara ya fitar, domin tsofaffin takardun ofis a hannun masu ƙosai da masu tsire suke ƙarewa, ni ma na taɓa sayen ƙosai a cikin fotokofin takardar haihuwar wani. Ma'aikata biyu su tsaya a kan wutar har ta cinye, su motsa tokar, su sa hannu a littafi. Kwamfuta da salular da za a mayar ko a bayar kyauta a ƙarshen shiri kuwa a kai su wurin mai gyara amintacce ya share su gaba ɗaya a gaban ma'aikaci, domin jefa fayil a kwandon shara na kwamfuta ba ya goge shi.