Yadda ake auna kabon da ke kwance a ƙasar fodzol

Ranar da na fara haƙa rami a dajin bishiyoyin fayin na arewacin Turai, sai da na ajiye shebur na tsaya kallon bangon ramin. A sama baƙar shimfiɗa ce ta ruɓaɓɓen ganye, ƙarƙashinta wata fara-fara kamar an zuba toka, sannan wata ja mai launin tsatsa. Wannan ita ce fodzol. Sunan daga Rashanci ya fito, ma'anarsa "ƙarƙashin toka", kuma tun zamanin Vasily Dokuchaev, masanin kimiyyar ƙasa ɗan Rasha, a ƙarni na 19 masana ke bibiyarta. Ta mamaye kusan hekta miliyan 485 a duniya, galibi a Rasha, Kanada, Finlan da Suwidin.

Sai ka san yadda ta samu kafin ka san inda za ka nemi kabon, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙowa daga iska, wanda ke saura a ƙasa bayan sun ruɓe. Ganyen fayin, mai kama da allura, ba ya saurin ruɓewa saboda sanyi, kuma tsami yake fitarwa. Ruwan sama ya kwashi tsamin ya ratsa yashi, ya wanko ƙarfe da alminiyam da narkakken ruɓaɓɓen ganye, ya gangara da su. Farar shimfiɗar nan ita ce wadda aka yi wa wankin. Jar kuma nan ne aka sauke kayan, kuma ƙarfen yana riƙe kabon gam, har ya shekara ɗaruruwa bai koma iska ba.

Ka fita bayan ƙanƙara ta narke, tsakanin Yuni da Satumba. Ka riƙe shebur, wuƙa, tef, guduma, zoben ƙarfe, ledoji da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Maganin sauro kuma kada ka manta, domin sauron dazukan nan ba ya jin magiya. Ka guji gindin bishiya da wurin da iska ta taɓa tumɓuke itace, don shimfiɗun sun cakuɗe a can. Rami ɗaya kuwa ba ya wakiltar daji. Taku biyar kacal na iya canza kaurin farar shimfiɗar.

Soma da shimfiɗar sama. Ɗora firam ɗin katako mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, ka cire ɗanyen gansakuka, ka yanke duk ruɓaɓɓen da ke ciki har ka taɓa yashi, ka zuba a leda. Tunda ka san faɗin wurin, nauyinsa bayan ya bushe ya ishe ka lissafi. Daga nan ka haƙa har jan launin ya dushe, ko da zai kai ka mita guda. Kankare bangon da wuƙa, auna kaurin kowace shimfiɗa, sannan ka ɗebi samfur daga ƙasa zuwa sama, don kada ta sama ta zubo ta gurɓata ta ƙasa.

A nan nake saɓawa da mutane da yawa. Ƙa'idar IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ta ɗauki santimita 30 a matsayin zurfin da aka saba lissafawa. A wasu gonaki hakan ya wadatar. A fodzol kuwa, sau da yawa santimita 30 a tsakiyar jar shimfiɗar take faɗawa, sai ka raba ma'ajiyar gida biyu ka tafi da rabi. Ni dai ina ɗiba bisa shimfiɗa, daga baya in fitar wa mai son santimita 30 nasa adadin.

Zoben ƙarfen, wanda cikinsa ke ɗaukar santimita 100 mai kubik, shi zai gaya maka nauyin ƙasar a yadda take kwance. Buga shi a hankali cikin bangon, tono shi, share bakinsa da wuƙa. In ka danne ƙasar da guduma, sake wani.

Duwatsu su ne suka taɓa ba ni kunya. Yawancin ƙasar dazukan nan tarkacen da ƙanƙara ta bari ne kimanin shekara 10,000 da suka wuce, cike take da tsakuwa da manyan duwatsu. Zobe kuwa ba ya shiga sai inda babu dutse. A aikina na farko na lissafa kamar duk ramin ƙasa ce zalla, na miƙa adadi mai tsoka ina murna, sai wanda ke duba aikin ya tambaye ni ko dutse ma yana ajiye kabon. Ka ƙiyasta kason duwatsu a bangon ramin, ko ka bi dabarar da wani masani mai suna Viro ya fitar a Finlan a 1952: a riƙa buga siririn sandar ƙarfe a wurare da yawa, a auna zurfin da take kaiwa kafin ta ci karo da dutse.

A ɗakin gwaji, busar da samfurin zobe a digiri 105 na ma'aunin Celsius har nauyinsa ya daina raguwa. Na gwajin kabon kuma zafin digiri 40 ya isa. Tankaɗe da rariya mai ƙofar milimita 2, ka tsince ɗanyen saiwa. Kada ka raina abin da saiwa ke yi, don binciken da Karina Clemmensen da abokan aikinta suka wallafa a 2013, kan wasu tsibirai a tafkunan arewacin Suwidin, ya nuna kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na kabon da ke ajiye a can daga saiwa da naman gwarin da ke manne da ita ya fito, ba daga ganyen da ke zubowa ba.

Na'urar da ke ƙone samfur ta auna kabon kai tsaye ita ta fi. In babu, akan ƙone shi a digiri 550 a ɗauki kusan kashi 58 na abin da ya ɓace a matsayin kabon, amma a jar shimfiɗa wannan hanya tana ba da adadin da ya wuce na gaskiya, domin tsatsar tana riƙe ruwa, shi ma ya tafi a wuta.

Lissafin ba wuya. Ninka kason kabon da nauyin ƙasa da kauri. A ce shimfiɗa tana da kabon kashi 2 cikin 100, nauyin giram 1.2 a kowane santimita mai kubik, kauri santimita 10: ya ba ka tan 24 a hekta. In duwatsu sun cinye kashi 30, saura tan 16.8. Haɗa na dukan shimfiɗun. Mai son adadin a iskar kabon dayoksaid sai ya ninka da 3.67.

Kafin ka bar dajin, mayar da ƙasar ramin yadda ka same ta, ja a ƙasa, fara a kanta, gansakuka a sama, ka rubuta lambar GPS. Kabon ƙasa a hankali yake motsi, sai bayan shekara goma ko fiye bambanci ke fitowa. Wanda zai dawo ya haƙa nasa ɗan nesa da naka, kada ya faɗa cikin ƙasar da ka riga ka motsa.