Fitilar gaban keke: mai bazuwa ko mai tsini, wacce ta dace da hanyarka?

Yawancin masu sayen fitilar keke adadin lumen da aka rubuta a jikin kwali kawai suke dubawa, alhali lumen jimlar hasken da fitila ke fitarwa ne, ba ya gaya maka inda hasken zai sauka. Fitilu biyu masu lumen 800 za su iya bambanta ƙwarai a kan hanya: ɗaya ta haska maka faɗin titi amma ta tsaya a mita 15, ɗayar ta kai mita 50 amma gefe da gefe duhu. Ta farkon ita ce mai bazuwa, ta biyun mai tsini. Abin da zai raba maka gardama tsakaninsu shi ne gudun da kake yi da irin hanyar da kake bi.

Lissafin mai sauƙi ne. Fitila mai tsini tana matse haskenta a kusurwar digiri 10 zuwa 20, mai bazuwa kuma tana buɗe shi daga digiri 30 zuwa sama. A nisan mita 10, hasken digiri 10 yana zana da'ira mai faɗin kusan mita 1.75, na digiri 40 kuwa faɗinsa ya haura mita 7. Filin da na biyun ya rufe ya ninka na farko kusan sau 17, don haka idan lumen ɗinsu ɗaya ne, kowane taku na hanya zai samu kashi ɗaya cikin 17 na hasken. Ga kuma nisa da ke cin nasa rabon: duk lokacin da nisa ya ninka, haske yana komawa rubu'i. Fitilar da ke ba da luks 40 (ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri) a mita 10 za ta ba da luks 10 a mita 20. Shi ya sa idan ka ga an rubuta luks ko kandela (ma'aunin ƙarfin haske ta fuska ɗaya) a kwali, su za ka fi bai wa muhimmanci, domin su ne ke nuna ƙarfin tsakiyar hasken da kuma nisan da zai kai.

Fara da gudunka

Ka tambayi kanka mita nawa kake buƙata kafin ka tsaya cak. Daga ganin rami zuwa damƙe birki, a lissafa daƙiƙa ɗaya da rabi da daddare. A gudun kilomita 20 cikin awa, ka riga ka ci mita 8 kafin birki ya fara aiki, sannan birkin ya ci wasu mita 3 a kan busasshiyar kwalta, jimla kusan 11. A kilomita 30 lissafin ya kai mita 20, a kilomita 40, kamar a gangara, ya kusa 30. Idan hanyar ta jiƙe ko akwai yashi, sai ka ƙara. Dole haskenka ya wuce wannan nisa da rata mai kyau, in ba haka ba sai ka isa kan abu kafin ka gan shi.

Wanda ba ya wuce kilomita 20, kuma hanyarsa lunguna ce da kwanoni da masu tsallakawa a ƙafa, mai bazuwa ce tasa. Haɗarinsa daga gefe yake fitowa, ba daga nesa ba. Idan akwai fitilun titi, lumen 200 zuwa 400 sun wadatar, tunda babban aikin fitilar a nan shi ne a gan ka. A duba ko tana da 'yan tagogi a gefe da ke fitar da haske, domin mai fitowa daga mararraba ta gefe yake hango ka.

Mai gudun kilomita 30 a miƙaƙƙiyar hanya marar fitilu yana buƙatar tsini. Sai dai tsini zalla yana da illar da mutane ba sa lura da ita sai sun hau hanya. Ido yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske, sai ƙwayar idon ta tsuke, duk abin da ke wajen da'irar ya zama baƙi ƙirin. Da ka zo kwana kuma, fitilar tana kallon inda kan keke ya nufa, ba inda za ka shiga ba, sai ka karya kwanar a makance. Don haka ko da tsini kake nema, nemi wadda tsakiyarta ke da ƙarfi amma hasken yana raguwa sannu a hankali zuwa gefe, ba mai kaifin iyaka kamar an yanka da wuƙa ba.

Mai bazuwa ma tana da nata tarkon. Tana zuba haske mai yawa a mita biyu zuwa uku na gaban taya, wurin da ba ka da sauran abin yi in ma ka ga cikas. Wannan farin fili na kusa yana rufe maka ganin nesa, har ka ɗauka fitilar ba ta da ƙarfi ka ƙara mata wuta, abin ya daɗa muni. Sannan kusan rabin haskenta sama yake tafiya, cikin bishiyoyi da idanun masu tahowa.

Nau'i na uku da ya fi dacewa da titi

Ga mai hawa kan titin da ake haɗuwa da motoci da mutane, a ganinmu babu kamar fitila mai yankakken sama, wato wadda aka tsara haskenta kamar ƙaramar wutar mota: faffaɗa a ƙasa, mafi ƙarfi can gaba dab da layin yankan, sannan duhu daga nan zuwa sama. Dokar hanya ta ƙasar Jamus, StVZO, ita ce ta shahara da wannan tsari, kuma fitilun da suka cika sharuɗɗanta kan zo da alamar layi mai lanƙwasa da harafin K da lamba. Irin waɗannan da luks ake auna su a nisan mita 10. Tunda ba sa ɓarnar haske a sama, mai ƙarancin lumen a cikinsu kan haska kwalta fiye da zagayayyiyar fitila da ta fi ta lumen. Abu biyu za a kiyaye. Kada a ɗaura ta a kife a ƙarƙashin kan keke, sai in an ƙera ta don haka, domin yankan zai juye ya zama tana haska sama tana barin ƙasa. Kuma ba ta dace da daji ba, saboda ba za ta nuna maka reshen da ya sauko daidai goshinka ba.

A hanyar daji mai duwatsu da saiwoyi, fitila biyu ake haɗawa: mai bazuwa a kan keke, mai tsini a hular kwano. Dalilin wannan rabo yana da kyau a fahimce shi. Fitilar da ke ƙasa da ido tana jefa inuwa a bayan kowane dutse da bakin kowane rami, kuma da inuwar nan ce ido ke gane tudu da kwari. Ta hular kwano tana kusa da ido, inuwarta tana ɓuya a bayan abin, sai hanya ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya. Amfaninta shi ne tana bin inda ka waiga, ta leƙa maka cikin kwana. Saboda haka kada ta hular kwano ta fi ta kan keke ƙarfi har ta shafe inuwar. In akwai ƙura, hazo ko yayyafi, rage ta hular kwano ko ka kashe ta, don hasken yana dawowa kai tsaye cikin ido. A irin wannan yanayi haske mai ɗan ja-ja, wajen kelbin (ma'aunin launin haske) 4000 zuwa 4500, ya fi fari fat mai shuɗi-shuɗi na 6500 sauƙi ga ido.

Gwaji a bango da saiti

Kafin ka amince da fitila, tsaya mita 5 daga bango a cikin duhu ka kunna. Ƙaramar da'ira mai ƙuna da duhu kewaye da ita, tsini ce zalla. Haske ɗaya shimfiɗe ba tsakiya, bazuwa ce zalla. Ko ba ka kunna ba, fuskarta na ba da labari: kwanon da ke kewaye da ƙwan fitilar, in mai zurfi ne da santsi, yana matse haske, mai ƙuraje kamar ɓawon lemo yana tausasa shi, gilashi mai dishi-dishi ko mai zane-zane yana baza shi.

Saitin kuma haka ake yi. Auna tsayin fitilar daga ƙasa, a ce mita 1, ka yi alama a bango daidai wannan tsayi. A nisan mita 5 daga bangon, hau keken yadda nauyinka zai zauna, ka sunkuyar da fitilar har tsakiyar hasken ta sauka a rabin tsayin alamar. Hakan na nufin tsakiyar za ta taɓa ƙasa a mita 10. Mai gudu zai iya ɗaga ta kaɗan ta sauka a mita 15 zuwa 20, amma ga mai yankakken sama, layin yankan kada ya kai alamar. Daga nan jingine keken, ka taka mita 20 gaba, ka juyo ka ɗan rusuna daidai tsayin mai zaune a mota. In ta kashe maka ido, ta kashe wa kowa.

Maɗauri yana ɓata saiti fiye da komai, musamman ga mai tsini, inda motsin digiri biyu ke kawar da hasken mita da yawa. Kaurin kan keke yawanci milimita 25.4 ne, ko 31.8, ko 35, sai a sa robar da ta dace da shi. Fitila mai nauyi a kan maɗaurin roba zalla takan sunkuya a gargada, gara mai ƙusa da ake ɗaurewa. A tabbata wayoyin birki ba su gitta gabanta ba.

Batir ma yana shiga zaɓin. Mai bazuwa sai ta ci wuta da yawa kafin ta kai nisan da mai tsini ke kaiwa da kaɗan. Ƙwayar batir mai caji samfurin 18650 guda ɗaya ba ta riƙe lumen 1000 fiye da awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma a ma'aunin ANSI FL1, ƙa'idar Amurka ta gwajin fitilu, ana ƙirga lokacin aiki har sai haske ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100, don haka awannin da ke kwali ba duka ne masu amfani ba. Ƙananan fitilu kuma suna rage haske da kansu idan sun yi zafi, musamman a tsaye ko a hawan tudu inda iska ba ta kaɗa su. Zaɓi wadda matakinta na tsakiya ya ishe ka tafiyar gaba ɗaya, ka ajiye na ƙarshe don gangara.