Yadda ake cuɗa irin waken suya da inokulan ba tare da an kashe shi ba

Baƙin garin nan da ke cikin fakiti, wato inokulan, yana da rai. Ƙwayoyin bakteriya ne masu suna Bradyrhizobium, su ke shiga saiwar waken suya su yi 'yan ƙuraje, su jawo naitirojin daga iska su ciyar da shuka. Sabbin manoma da na gani a wajen Kwali da Gwagwalada, da yawansu tun iri bai taɓa ƙasa ba sun riga sun kashe su.

Ni ma abin ya taɓa samuna. Na sayi fakiti a wani shago, ashe kullum a kan tebur yake wuni cikin rana. Na cuɗa, na shuka, da na tono saiwa sai na tarar da ita sumul. Don haka duba ranar ƙarewar aiki, ka kuma taɓa fakitin. In da ɗumi, bar musu kayansu. A gida ajiye shi a firiji, ban da wajen ƙanƙara, ko a gindin randa. Ni inokulan ɗin NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA nake saye, fakitin giram 100 yana isar kilo 10 na iri.

Ranar shuka, zauna a inuwa da sassafe. Zuba iri a baho, yayyafa ruwan ƙaro, in babu ruwan sukari ma ya isa, kuma ya fi araha. Danshi kawai ake so. In ruwa ya taru a gindin baho, bawon iri zai saɓule. Barbaɗa garin ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi, sannan ka baza a kan buhu ya sha iska.

Nan ne ake yin ɓarna. Mutum ya ga iri da laima sai ya kai shi rana don ya bushe da wuri. Kada ka kuskura. Ko a gona, rufe bahon da tsumma, ka riƙa binne rami nan take, cikin ƙasa mai danshi. Abin da ka san za ka shuka a ranar kaɗai za ka cuɗa.

Taki kuwa, supa za ka sa don fosfaras, kada ya taɓa irin. Yuriya ɓarnar kuɗi ce a nan, tana ma rage ƙurajen. Bayan mako biyar ko shida tono gindi ɗaya da fartanya, kada ka fizge, ka tsaga ƙurji da farce. In cikinsa ja-ja ne, suna aiki.