Yadda ake buga zane a jikin yadi a gida a sa a firem

Duk wadda ta shigo ɗakina a Agege sai ta tambayi inda na sayi firem ɗin dagin Arewa da ke saman kujera, in na ce ai ni na buga da hannuna sai ta ce haba dai. To ga yadda ake yi, ba inji ba komai.

Ki nemi farin yadi na auduga, alawayyo ko akoko, yadi ɗaya a kasuwar Balogun zai ba ki firem huɗu masu inci 12 da 16. Mai santsin nan kamar leda ki bar musu kayansu, fenti ba ya zama a kai. Fentin yadi kuma wajen masu kayan buga riguna a Shomolu, sai guntun soson katifa, sabuwar reza, salatif, da tsohon hoton ƙashi na asibiti, wancan baƙin fim ɗin da ke jibge a ƙasan akwati.

Da farko ki wanke yadin ki fitar da sitacin kamfani, in ba haka ba fentin a kan sitaci zai hau ba a zare ba. Ya bushe, ki goge. Fim ɗin kuma ki jiƙa shi a ruwan Hypo, baƙin zai saki ya koma garau kina hango abin da ke ƙasa, amma ki sa safar hannu.

Ki buga zanen a takarda wajen masu fotokwafi, ki ɗora fim a kai ki bi layin da alƙalamin maka, sannan ki yanka da reza a kan gilashi ko tayil. A nan ake yin kuka. Dagi layi ne da ke shiga cikin juna, in kika bi shi kika yanke zagaye gaba ɗaya tsakiyar faɗowa za ta yi ki tashi da ƙaton rami, dole ki riƙa barin 'yar gada siririya tana riƙe da tsakiyar, na farkona haka ya lalace ina ji ina gani. Masu rinin adire na Abeokuta ma da irin wannan dabarar suke aiki, sai dai su kwano suke fafewa su shafa kullun rogo kafin a tsoma a baba.

Ki shimfiɗa yadin a kan kwali, ki ja shi ya miƙe ki manne da salatif, fim ɗin ma ki manne shi kar ya motsa. Ki dangwali fenti kaɗan, kaɗan fa na ce, ki fara dannawa a kan tsohuwar takarda har soson ya kusa bushewa, sannan ki riƙa dannawa a kan ramin zanen kina ɗagawa, ban da gogawa. In ya yi yawa ƙarƙashin fim zai kutsa bakin zanen ya yi dama-dama. Gara ki bi sau biyu. Ki ɗage fim ɗin sama tsaye tun fentin bai bushe ba.

Sai haƙuri, don iskar Legas ba ta Kano ba ce, danshi ne da ita. Ki ba shi awa 24 ƙarƙashin fanka, da damina ma kwana biyu, in kika yi gaggawar rufe shi da gilashi funfuna ce za ta fito ciki. In an kawo wuta ki juya bayansa ki goge kamar minti 3 zuwa 5, kar ki yayyafa ruwa.

Ki bar rarar inci 2 kowane gefe, ki naɗe ta bayan kwalin firem, sama da ƙasa tukuna sannan gefuna, kina ja a hankali kar dagin ya karkace, ki manne ki rufe. Wajen ratayewa ki shafa bangon da tafin hannu, in kin ji sanyin jiƙa ki nemi wani bangon.