Kurakuran masu shigowa Saudiyya da diron

Da zarar Umrar azumi ta kankama, wayata ba ta hutawa. Wannan an riƙe masa diron (ɗan ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama) a filin jirgin Jidda, wancan tun a Kano aka kira sunansa a lasifika ya zo ya buɗe akwati. Maganar ɗaya ce kullum, bakina ya gaji, gara in rubuta.

Na farko shi ne zuba batir a akwatin awo. Batirin litiyam da ba a jikin na'ura yake ba, jakar hannu ce wurinsa, har da fawa bank. Idan ya huje, ko mukulli ya haɗa bakinsa, da kansa yake ɗaukar zafi har ya kama da wuta, ya kunna na kusa da shi. A cikin fasinjoji ma'aikata za su ga hayaƙi su yi ta kwara masa ruwa. A ƙarƙashin jirgi wa zai je? A 2010 jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a kayan da ke ɗauke da irin waɗannan batura, matuƙansa biyu suka rasu.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne bakin ƙofar jirgi. Jirgi ya cika, an ce a miƙo jakunkunan hannu a kai ƙasa, Alhaji ya miƙa tasa da batura huɗu a ciki. Tsaya ka zuge zif ka kwashe su, ko na bayanka na tsaki.

Sai girman batir. Juya bayansa, za ka ga lamba da Wh, wato ma'aunin ƙarfin wutar da yake ɗauka. Wanda bai wuce 100 ba, ba ka buƙatar izinin kowa. Daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya amince, kuma biyu kacal. Abin da ya haura 160, bar shi a gida. Idan ba a rubuta ba, ninka lambar V da lambar mAh da ke jikinsa ka raba da 1000: batirin diron Mavic 3 yana da 15.4 da 5000, ya ba ka 77.

Yanzu ga wanda ya ƙona mini rai. Na bar wani diron nawa a Kano. Ɗan yayata zai zo Umra, sai ya naɗe shi cikin harami ya taho da shi bai faɗa mini ba, wai zai yi mini bazata. Na'urar bincike ta nuna shi, aka ajiye diron, aka miƙa masa 'yar takarda. Ya kira ni murya na rawa: "Kawu, sun ce sai da izini." To da me kake zato? Aikin da na dogara da wannan diron ya wuce ni, na yi ta zirga-zirga da takardu, shi kuwa yana can yana ɗawafinsa hankali kwance.

Malam, nan ba ƙauyenku ba ne da za ka tashi jirgi a kan gidan biki don ka ga dama. Hukumar sufurin jiragen sama, GACA, ita ke rajista da ba da izini, kuma tun kafin ka taso ake nema, ba a gaban jami'in kwastam ba. Bizar Umra ba ta ba ka sararin samaniya ba. Ƙasar da a 2018 jami'an tsaro suka harbo ƙaramin diron na wasa a unguwar Khuzama a Riyad, wadda kuma a 2019 aka kai wa cibiyar man fetur ɗinta ta Abƙaiƙ hari da jirage marasa matuƙi, kana ganin za ta saurari "wallahi don TikTok ne"? Harami, Masallacin Annabi (SAW), Mina da Arfa kuwa, kada ma zuciyarka ta raya maka. Hotunan sama da kake gani a talabijin, hukuma ce ta ba da izinin ɗaukarsu. Ni shawarata ga mai zuwa ibada kawai, ya bar abin a gida.

Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba. "Ɗan caja ne kawai" ya sha zama batura.

Ni salatif nake manna wa bakin kowane batir, in sa shi a 'yar jakarsa shi kaɗai. Ba na tafiya da su a cike, nakan sauke caji zuwa kusan kashi 30. Wasu sun ce rabi ma ya isa, su suka sani.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada ya hau jirgi. Barin su a mota cikin ranar Jidda ne ke kumbura su.

Cire farfela, ka mayar wa kyamara murfinta. Ka tambayi kamfanin jirginka, don akwai waɗanda ba sa yarda jikin diron ya shiga cikin fasinjoji. Sai ya bi awo, baturan su bi ka.

Mai komawa Najeriya da sabon diron kuma ya sani, can ma ana neman takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.