Jifa Zuwa Zangon Farko: Kurakuran Ƙananan 'Yan Sofbol da Yadda Ake Gyara Su

A sofbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda a ruga ana zagaya zanguna, yarinya za ta tsaya cikin da'irar mai jifa a tsakiyar fili ta jefa wa mai bugu ƙwallo yadda ake so, sau da sau, ba kuskure. Amma da an bugo ƙwallon ya gangaro gabanta, ta ɗauka za ta jefa wa mai tsaron zangon farko don ya riga mai bugun da ta ruga can isa a fitar da ita, sai ya bi ta saman kai ko ya nutse cikin ƙura. Iyaye su riƙe baki, malamin wasanni ya ɗaga murya, ita kuma ta sunkuyar da kai. Tazarar nan ba ta wuce mita 13 ba, kusan daidai da wadda take jefawa zuwa ga mai bugu. To me ya kawo haka?

Sofbol bai yi ƙarfi a nan Kebbi kamar ƙwallon ƙafa ko langa ba, shi ya sa mu 'yan tsirarun da ke koyar da shi a filayen makaranta muke zuba duk ƙarfinmu kan abin da ya fi ɗaukar ido, wato jifan nan na ƙasa da hannu ke zagayowa. Yarinya za ta yi irinsa ba adadi a mako, jifan sama kuwa, na ɗaga hannu ta saman kafaɗa da ake yi zuwa zango, sai wanda ta yi lokacin ɗumama jiki. Hannunta ya haddace hanya ɗaya, ana tsaka da wasa kuma sai a nemi ya bi wata cikin ƙiftawar ido. Yawancin abin da zan faɗa daga nan ya samo tushe.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Tsakanin gida, wato inda mai bugu ke tsayawa, da zangon farko ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai. Ko manyan 'yan wasa masu zafin gudu sukan ci kusan daƙiƙa uku kafin su isa, balle 'yar shekara 11 ko 12. Ƙwallon da aka bugo kai tsaye ga mai jifa kuwa yana isa hannunta tun mai gudu ba ta yi nisa da gida ba. Duk filin babu mai sararin lokaci kamarta, amma ita ba ta san haka ba. Abin da take ji shi ne ihun 'yan kallo da ƙarar takalmi, sai ta ɗaga kai ta kalli mai gudu tun ƙwallo bai shiga safar hannu ba. Sauri ya haifi nawa. Gyaran da na ga ya fi aiki shi ne a nuna mata da idonta. A sa wata ta yi gudu daga gida, a gangaro mata ƙwallo, a ce ta riƙe ta ƙirga ɗaya, biyu, sannan ta jefa. Idan ta ga ta fitar da mai gudu duk da jinkirin nan, zuciyarta za ta kwanta fiye da yadda kowace nasiha za ta kwantar da ita.

Daga gaggawa sai ƙafa, kuma a nan nake so a daɗe. Mafi yawan jifan da ya kauce, ƙafa ce ta ɓata shi tun hannu bai motsa ba. Yarinya takan ɗauki ƙwallo ƙirjinta na fuskantar gida, ta murɗa kafaɗa kawai ta wurga, ƙafafu na nan inda suke. Ƙwallo zai bi inda jiki ya karkata. Ga mai jifa da dama, zangon farko yana hagunta, don haka aikinta mai sauƙi ne: ta kawo ƙwallo tsakiyar cikinta da hannu biyu, ta kafa ƙafar dama, kafaɗar hagu ta nuna wadda za ta karɓa, ta taka da hagu kai tsaye zuwa gare ta, ta saki. Dama, hagu, jifa. A bar ta ta riƙa faɗinsa da baki har ya zauna mata. Bahaguwa ita ce ke da aiki, domin zangon yana ɓangaren hannun da take jifa da shi, dole ta juya jiki sosai kafin kafaɗar dama ta saitu. Kada a haɗa ta da sauran a ce "ku yi yadda na yi". A ware mata lokacinta, a koya mata ta ɗan zagayo ƙwallon da ke tafiya a hankali, yadda kafin ta ɗauka rabin juyin ya riga ya wuce. A ja layi a ƙasa da kara daga inda take zuwa zangon, bayan kowane jifa ta duba sawunta. Ƙasarmu mai rairayi ta dace da wannan, sawu ba ya ɓuya.

Akwai kuma miƙewa tsaye cak bayan an ɗauki ƙwallo. Idan ta miƙe, nauyinta ya koma baya, jifan ya tashi sama. Ta zauna da gwiwa a ɗan lanƙwashe har ta saki.

Sai lallaɓa ƙwallo. Wannan yakan zo bayan an yi mata faɗa. Ta jefa ɗaya ya wuce, an daka mata tsawa gaban ƙawayenta, daga nan sai ta koma tura ƙwallo a hankali, hannu ya tsaya a rabin hanya, ƙwallo ya yi baka a sama. Irin wannan jifan ya fi kaucewa, domin hannun da ya saba gudu idan aka taka masa birki bai san inda zai saki ba. Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar shinkafa a fadamar Argungu ba ya auna hoge, ya ga inda yake so, ya taka, ya sake hannu gaba ɗaya. Haka ake so ta yi: jifa mai ƙwari daidai misali, ido a ƙirjin mai karɓa, hannu ya ƙarasa har ya sauko gefen ƙugu na ɗaya ɓangaren. Malam, idan jifa ya kauce amma ƙafa ta yi daidai kuma ta sake hannu, ka ce mata madalla. Saitin zai biyo baya.

Riƙon ƙwallo ma yana da nasa. Na manya zagayensa inci 12 ne, na 'yan shekara 10 zuwa ƙasa kuwa inci 11. Idan aka ba ƙaramar yarinya babban ƙwallo don shi kaɗai ke akwai a makaranta, za ta damƙe shi da tafin hannu duka. A koya mata ɗora yatsu uku a kan ɗinki, su gicciye shi, babban yatsa a ƙasa. A naɗa baƙin salatif a tsakiyar ƙwallo: idan jifan ya fita daidai, layin zai tsaya a miƙe yana juyawa, idan gwiwar hannu ta faɗi ƙasa da kafaɗa zai karkace. Jifan gefe irin wannan, daga mai dama, yakan janye zuwa ɓangaren da mai gudu ke tahowa, ya ja hannun mai tsaro cikin hanyarta. Nan ake samun karo da targaɗe. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: hijabi mai faɗi yakan riƙe kafaɗa ko ya rufe ido lokacin juyawa. A samo mata ɗan madaidaici da ke shiga cikin riga, ta yi wasanta cikin sutura ba tare da hannu ya ɗaure ba.

Idan mai bugu ta tare ƙwallo da sanda ya faɗi kusa da layin zangon farko, lamarin ya canza. Mai jifa ta ɗauka, mai gudu na tsakaninta da mai karɓa. Kuskuren shi ne jefawa ta saman kan mai gudu. Ta ja taki ɗaya ko biyu zuwa cikin fili, hanya ta buɗe, sannan ta jefa. Inda ake da zango mai haɗe biyu, farin na mai tsaro ne, mai ruwan lemon na mai gudu, don haka ɓangaren farin za ta nufa. Ta kuma sani cewa a irin wannan bugun mai tsaron zangon farko takan rugo gaba, mai tsaron na biyu ce ke zuwa ta karɓa. Yara da dama suna ɗagowa su ga ba wadda suka saba gani ba, sai su rikice. Mai cafewa a bayan gida ita ke ganin fili duka, ita za ta kira "ɗaya!" da ƙarfi, wato a jefa zangon farko. Ƙwallon da ya tsaya cik za a iya ɗauka da hannu tsirara, a danna shi ƙasa kafin a ɗago. Wanda ke juyawa kuwa hannu biyu.

In ta matso kusa da zangon, taki biyar ko shida, jifan sama haɗari ne ga fuskar ƙawarta. Ta miƙa ta ƙasa. A nan ne mai jifa ke mantuwa ta kaɗa wuyan hannu kamar tana jefa wa mai bugu. A'a. Ta janye safar hannu a ga ƙwallo, wuyan hannu a sandare, ta miƙa daidai ƙirji tana ci gaba da takawa bayansa.

Akwai lokacin da riƙe ƙwallo ya fi jefa shi. Idan ya kuɓuce mata har mai gudu ta kusa isa, ta haƙura. Jifan da ya fice daga filin wasa alƙali yakan ba masu gudu zango biyu a kansa, ga filayenmu babu shinge.

Yadda ake atisaye shi ne ya rage. Yawancinmu mukan jera yara mu gangaro musu ƙwallo suna tsaye a shirye. A wasa ba haka take samunsa ba: ta gama jifa, jikinta ya taho gaba, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Don haka ta yi cikakken jifa ga mai cafewa, nan take koci ya bugo wani ƙwallon, wani dama, wani hagu, wani a hankali, ta ɗauka ta jefa zangon farko. Guda goma a ƙarshen kowane atisaye sun isa, sau biyu a mako a sa mai gudu ta gaske. A gida, Baba ko Yaya zai iya tsayawa taki goma sha biyar daga gare ta bayan la'asar, ko a zana da'ira da gawayi a bangon siminti daidai tsayin ƙirji. Da hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙwallo ke tsalle ba tsari, a share tsakuwa daga gaban da'ira kafin a fara. A watannin Maris da Afrilu kuma a yi da sanyin safiya, a ajiye ruwan sha kusa. Idan ta ce kafaɗa ko gwiwar hannu na ciwo, a dakata da jifan sama ranar, in ciwon ya kwana biyu bai tafi ba a kai ta asibiti.